Linda Hamilton da Fim ɗin The Terminator: Yadda Fuskar Jaruma Ta Cike Giɓin Kuɗi

Mu da muka taso da kallon finafinan Amurka a kaset muna da wata ƙa'ida da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba: duk fim ɗin faɗa yana da akta, yana da bos. Akta zai sha duka ya tashi, bos zai yi ta ɓarna har ƙarshe a gama da shi. Mace kuwa, in akwai ta, ko dai a sace ta a je ceto, ko ta raɓe a gefe tana ihu. Fim ɗin The Terminator na 1984 ya dagula wannan lissafi. Arnold Schwarzenegger, wanda da yawanmu muka fi sani da Kwamando, shi ne a jikin fosta da baƙin tabarau da bindiga, amma shi ne bos. Wanda ya yi kama da akta, sojan nan Kyle Reese da Michael Biehn ya fito a matsayinsa, ya mutu tun kafin a kashe bos ɗin. Wadda ta rage da rai, kuma ta gama aikin da hannunta, wata yarinya ce mai kai wa mutane abinci a gidan cin abinci, Sarah Connor, rawar da Linda Hamilton ta taka.

A ganina fim ɗin nata ne, kuma ƙarancin kuɗin da aka yi shi da su yana cikin abubuwan da suka mayar da shi nata.

Ga wanda bai kalla ba, ga labarin a taƙaice. A shekarar 2029 na'urori ne ke mulkin duniya. Wata kwamfutar tsaro mai suna Skynet ta juya wa 'yan Adam baya, ta haddasa yaƙin nukiliya, ta shiga farautar waɗanda suka tsira. Wani mutum mai suna John Connor ya haɗa kan jama'a har suka kusa cin galaba. Da na'urorin suka ga haka, sai suka tura wani mutum-mutumi na ƙarfe, wanda aka lulluɓe da nama da fata, ya koma baya zuwa birnin Los Angeles na 1984 ya kashe uwar John tun kafin ta haife shi. Sunanta kawai ya sani da garin da take. Ya buɗe littafin lambobin waya, ya tarar da Sarah Connor har uku, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Su ma mutanen John suka turo Reese ya kare ta.

Yanzu ga batun kuɗi. Kimanin dala miliyan 6.4 aka kashe a fim ɗin. A kunnenmu wannan dukiya ce, amma a Hollywood ta wancan lokaci, ga fim ɗin almarar kimiyya, kuɗin cefane ne. Shekara guda kafin nan, kashi na uku na Star Wars ya ci sama da dala miliyan 30, kuma Dune, wanda ya fito a shekara ɗaya da The Terminator, ya ci kusan miliyan 40. James Cameron da ya ba da umarni ba kowa ba ne a lokacin. Ya koyi aiki ne a kamfanin Roger Corman, gidan da ya shahara da yin fim cikin gaggawa da araha, kuma fim ɗaya tak ke gare shi a baya, wanda shi kansa bai yi alfahari da shi ba. Furodusar fim ɗin, Gale Anne Hurd, ita ma 'yar gidan Corman ce. Cameron ya sayar mata da haƙƙin labarin a kan dala 1, da sharaɗin ba za a yi fim ɗin ba sai shi ne darakta. Kamfanin Hemdale ya zuba kuɗi, Orion ya rarraba. An fara ɗauka a watan Maris na 1984, mafi yawa da daddare a titunan Los Angeles, wasu fitowar ma an ɗauke su ba tare da takardar izini ba. Ya fito ranar 26 ga Oktoba, ya tara kimanin dala miliyan 78 a duniya.

Abin da ke sa irin wannan fim tsada shi ne duniyar da ake ba da labarinta babu ita, sai an gina ta. Mai fim ɗin soyayya zai ari falo ya kafa kyamara. Mai fim ɗin 2029 kuwa, duk minti ɗaya da zai nuna, sai ya ƙera tankoki da jirage da rusassun gine-gine. Cameron ya san aljihunsa, don haka tun a rubutu ya yi tsimi. Maimakon ya kai mu can gaba, sai ya jawo gaban zuwa titin da kowa ke bi kyauta. Maimakon ya nuna ƙarfe yana tafiya tun daga farko, sai ya sa masa fatar mutum, ya zama Arnold ne kawai sanye da rigar fata. A fim mai tsawon minti 107, yaƙin 2029 'yan mintoci kaɗan ya samu, kuma da ƙananan kayan kwaikwayo aka haɗa shi a kan tebur. Ƙashin ƙarfen mutum-mutumin da Stan Winston, gwanin ƙera dodannin fim, ya ƙera, wanda kowa ke tunawa, sai a ƙarshe ya fito.

To sauran labarin fa, ta ina ya iso gare mu? Ta bakin Reese. Shi ke bayani, cikin mota ana bin su, da cikin wurin ajiye motoci suna ɓoye. Amma bayani ba ya zama fim sai da mai sauraro, kuma nan ne nauyin ya faɗo kan Hamilton. Bos ɗin ba zai taimaka mata ba, domin kalmomin da Arnold ya furta a fim ɗin gaba ɗaya ba su kai 100 ba, kuma an umarce shi kada fuskarsa ta motsa. Reese kuwa daga farko har ƙarshe mutum ɗaya ne, soja mai saƙo. Mutum guda ne a cikin ukun nan aka ba damar ya canza, kuma shi ne wakilinmu masu kallo. In Sarah ta gaskata wannan tatsuniya da wuri, za mu ce wawiya ce, mu daina bin ta. In ta ƙi gaskatawa har abada, labarin ya tsaya cik. Aikin jarumar shi ne ta auna daidai lokacin da zuciyar mai kallo za ta yarda, ta yarda tare da shi, kada ta riga shi, kada ta makara.

Ku duba yadda aka gina matakan. Farkon ganinmu da ita, tana kan ɗan ƙaramin babur ta makara wurin aiki. Ta rikita odar masu cin abinci, wani yaro ya zuba mata askirim a aljihun rigar aiki. Da dare saurayin da ya yi mata alƙawarin fita ya bar mata saƙo a waya cewa ba zai zo ba. Tana kiwon wani ƙaton ƙadangare a ɗaki, tana zaune da ƙawarta Ginger. Hamilton tana da shekara 27 a lokacin, ta karanci wasan kwaikwayo a makarantar Lee Strasberg da ke New York, amma ta yarda ta fito a matsayin yarinyar da ba ta da wani abin a zo a gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan wasa da yawa ba sa iya jure a gan su a matsayin gama-gari. Sai sun ɗan leƙo da alamar cewa akwai zaki a ɓoye. Ita ba ta yi haka ba, shi ya sa tafiyar da ta yi daga baya ta yi tsawo.

Daga nan sai tsoro ya fara shigowa a hankali. Ta ji a talabijin an kashe mai irin sunanta, ta ji an kashe ta biyu, ta duba littafin waya ta ga ita ce ta uku. Ta shige wani gidan rawa tana neman 'yan sanda a waya. Bayan harbe-harbe, Reese ya jefa ta a mota yana yi mata bayanin 2029, ita kuwa abin da ta yi shi ne ta gantsara masa cizo a hannu tana neman tserewa. Wannan cizo yana da daraja a wurina fiye da fashewar motoci da dama, domin abin da kowace mace mai hankali za ta yi ke nan in baƙon namiji ya danne ta a mota yana cewa daga gobe ya zo.

Fitowar da na fi so ita ce ta ofishin 'yan sanda. An kama Reese, likitan ƙwaƙwalwa ya ce mahaukaci ne, 'yan sanda suka nuna mata rigar sulke suka ce ga dalilin da ya sa harsashi bai kashe wancan ƙaton ba, wataƙila kuma ya sha ƙwaya ne. Dubi fuskar Hamilton a nan. Akwai sauƙin da ya sauko mata, na wanda aka ce masa mafarki ne kawai ya yi. Tana so ta yarda da su. Ta kwanta a kujera an ce mata akwai 'yan sanda 30 a ginin. Sai ƙaton ya dawo ya kutsa da mota ta ƙofar gaba. Da ta fito daga ƙarƙashin tebur ta bi Reese, babu wanda ya sake yi mata bayani, kuma mu ma ba mu buƙata. Da ba ta nuna mana wancan sauƙin ba da farko, da rushewarsa ba ta taɓa mu ba.

Ko bayan ta yarda, ba ta zama soja nan take ba. A ƙarƙashin gada tana ɗaure wa Reese rauni, yana gaya mata cewa a zamaninsu sunanta abin girmamawa ne, ita ce ta koya wa ɗanta faɗa da shiri da haɗa kan mutane. Ta fusata. Ta ce masa ya dube ta da kyau, ita da ko lissafin kuɗinta ba ta iya daidaitawa, kuma ba ta roƙi kowa wannan girma ba. Mutum ne aka ɗora wa kayan da bai ɗauka ba, kuma Hamilton ta bar fushin ya fito tare da tsoron.

Akwai wani aiki kuma da fuskarta ta yi wanda ya shafi kuɗi kai tsaye. Duk wanda ya sake kallon fim ɗin yau zai ga inda talauci ya leƙo. Kan roba da aka yi wa Arnold a fitowar da yake gyara idonsa a gaban madubi, a fili yake roba ce. Ƙashin ƙarfen da ke bin su a masana'anta, wani lokaci ƙaramin mutum-mutumi ne da ake motsa shi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, shi ya sa tafiyarsa take da tsalle-tsalle; wani lokaci kuma rabin jiki ne da ma'aikata ke ɗauke da shi suna motsawa. In aka bar kyamara a kansa na daƙiƙa goma, asiri zai tonu. Don haka mai tace fim yake nuna shi na ɗan lokaci, ya yanke zuwa fuskar Sarah, ya dawo. Tun kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa in aka jera hoton fuska da hoton wani abu, mai kallo da kansa yake ƙulla ma'ana a tsakaninsu. A nan, abin da roba da ƙarfe suka kasa yi, idon jarumar ne ya ƙarasa. Muna tsoron abin ne gwargwadon tsoron da muka gani a fuskarta. In ta yi ihun ƙarya sau ɗaya, duk aikin Winston ya koma kayan wasan yara.

Kuma duk wannan gudu da aka gani, da ciwo ta yi shi. Kwanaki kaɗan kafin a fara ɗauka ta yi targaɗe a idon sawu. Babban kamfani zai iya ɗage aiki wata guda. Su ba su da wannan hali, musamman da yake an riga an jinkirta fim ɗin watanni ana jiran Arnold ya gama Conan the Destroyer. Abin da aka yi shi ne aka tura fitowar gudu zuwa ƙarshen jadawali gwargwadon iko, kullum a naɗe mata ƙafa ta shiga aiki.

Masu nazarin fim sun lura cewa ƙashin bayan The Terminator na fim ɗin ban tsoro ne, irin Halloween na 1978, inda wani da ba ya magana kuma ba ya mutuwa yake kashe mutane ɗaya-ɗaya har ya rage yarinya guda. Wata malamar jami'a a Amurka, Carol Clover, ta raɗa wa irin wannan rawa suna yarinyar ƙarshe. Sarah tana da jini ɗaya da su, amma ta ɗara su da abu guda: tana koyo. A ɗakin otal ta zauna ta koyi haɗa bam da bututun ƙarfe. Da Reese ya faɗi a masana'anta ya ce ta tafi ta bar shi, ita ce ta daka masa tsawa da muryar soja ta ce ya miƙe, wato ta mayar masa da irin muryar da ya yi ta yi mata tun farko. Da ya mutu, ga ƙarfe ya soke ta a cinya, ta ja jiki ta cikin injin matse ƙarfe, rabin ƙashin nan yana jan ciki a bayanta, ta rufe ƙofa, ta laluba maɓalli ta danna. Kayan aikin masana'anta ta kashe shi da su, ba ta ɗauki bindiga ba.

Akwai suka mai ƙarfi da ake yi wa wannan rawa, kuma bai kamata a share ta ba. Ana cewa duk darajar Sarah a labarin daga mahaifarta take. Ba don abin da ta yi ake farautarta ba, don ɗan da za ta haifa ne, kuma namiji ne zai ceci duniya. Ke nan an sake mayar da mace buhun da ake ajiye jarumi a ciki. Na yarda da rabin wannan magana. Gaskiya ne haka Skynet ta ɗauke ta, kuma gaskiya ne rubutun bai ba ta wani buri nata na kanta ba kafin bala'in ya zo. Ba mu san abin da take so ta zama ba. Soyayyarta da Reese ma an yi ta cikin gaggawa, dare ɗaya, domin labarin yana buƙatar ciki. Amma sauran rabin ban yarda ba, saboda yadda zaren labarin ya zagayo. John bai taɓa fitowa a fim ɗin ba ko sau ɗaya. Duk abin da aka ce ya sani, uwarsa ce ta koya masa, ita kuma ta koya ne a cikin kwana biyun nan da muke kallo. A al'adarmu ba ma raina wannan matsayi. Mun san tarbiyya aiki ce, ba haihuwa kawai ba. Kuma na'urorin da suka turo a kashe ta su ne da hannunsu suka ƙera matar da suke tsoro, domin da ba a biyo ta ba, da Reese bai zo ba, da ba a haifi John ba.

Mutane da yawa in aka ce Sarah Connor, ta kashi na biyu suke gani, na 1991: mace mai murɗaɗɗen dantse da baƙar singileti da babbar bindiga. Hamilton ta sha wuya kafin ta kai wannan siffa, ta yi watanni tana atisaye, wani tsohon sojan Isra'ila mai suna Uzi Gal ya koya mata sarrafa makamai, har ta samu matsalar ji a kunne ɗaya sakamakon harbin da aka yi a cikin lif. 'Yar'uwarta tagwaye, Leslie, ita ce ta tsaya mata a fitowar da ake buƙatar Sarah biyu. Wannan fim ya ci kusan dala miliyan 100, ya tara sama da miliyan 500. Rawa ce mai kyau, kuma ita ta buɗe wa mata da yawa ƙofar finafinan faɗa. Sai dai ni ina ganin ta farkon ta fi wuyar takawa. A na biyun an raba nauyi: ga yaro da labarin ya koma kansa, ga Arnold ya zama akta har yana ba da dariya, ga sabon bos na narkakken ƙarfe da kwamfuta ta zana wanda za a iya barin kyamara a kansa ba tare da jin kunya ba. Kuɗi sun zo, sun karɓi wani ɓangare na aikin da fuskarta ta yi a 1984. Kuma dantse abu ne da ido ke gani nan take a yaba, alhali canjin da ke faruwa a hankali cikin idon mai kai abinci ba ya shiga fosta. Ko a wajen biya, rahotanni sun nuna an ba ta kimanin dala miliyan 1 a kashi na biyun, na Arnold kuwa ya haura miliyan 10.

Da ta ƙi shiga kashi na uku a 2003, aka ce Sarah ta mutu da ciwon sankarar jini, aka ci gaba ba ita. Wasu jarumai biyu, Lena Headey da Emilia Clarke, sun gwada rawar. Hamilton ta dawo a 2019 tana da shekara 63. A 2008 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa fim ɗin farko cikin jerin finafinan da ƙasar ke adanawa don tarihi.

Akwai wani hoto a fim ɗin 1984 da ya tattara abin da aka nema daga gare ta. Reese yana da wani tsohon hoton Sarah da John ya ba shi, wanda ya ƙone a wani hari a can zamaninsu. Ya gaya mata cewa ya haddace kowane layi na fuskar, cewa ta yi kama da mai baƙin ciki kaɗan, kuma ya daɗe yana tunanin me take tunani a wannan lokaci. Mun ga hoton tun tsakiyar fim, ba mu san amsar ba. A fitowar ƙarshe, Sarah tana da ciki, tana cikin mota a wani gidan mai a Meziko, ga kare a gefenta, ga bindiga a cinya, tana naɗar murya a kaset don ɗan da bai zo ba tukuna. Ta tsaya tana shawarar ko ta gaya masa wane ne ubansa, domin in ya sani, zai iya tura shi ya je ya mutu? Tana cikin tunanin Reese sai wani yaro ya ɗauke ta hoto da kyamarar nan mai fitar da hoto nan take, ya nemi dala 5, ta ba shi 4. Babu fashewa a fitowar, babu ƙarfe, kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce mana hoton nan ne. Hamilton ce ta riƙe fuskarta daidai yadda za ta zama ta yarinyar da Reese ya so daga nesa, kuma ta matar da ta riga ta rasa shi, a daƙiƙa guda. Ta ajiye hoton, ta tayar da mota, ta nufi duwatsun da hadari ya haɗo a kansu.